Granolar gida: me ya sa take ƙonewa a gefe, ta yi laushi a tsakiya?

Tambaya: Assalamu alaikum. Ina haɗa granola a gida da ot (hatsin nan da ake kira oats), zuma, gyaɗa da zabibi, ina gasa ta a digiri 180 kamar yadda nake gasa kek. Gefen tire yakan ƙone alhali tsakiya ba ta gasu ba, zabibin ya yi tauri da ɗaci, bayan kwana biyu a roba kuma sai ta yi laushi kamar ta sha iska. Ga shi ba ta taɓa dunƙulewa irin wadda ake sayarwa ba. Don Allah ina matsalar take?

Amsa: Wa alaikumus salam, 'yar'uwa. Abubuwa huɗu kika kawo, amma kusan dukkansu daga wuri ɗaya suka taso: kin ba granola wutar kek. Kek ana so ya tashi, ya nuna, ya fito da sauran danshinsa a ciki. Granola kuwa busar da ita ake yi. Aikin obin a nan shi ne ya kori ruwan da ke cikin zuma da cikin ot a hankali, har sukarin da ya rage ya lulluɓe kowace ƙwaya, idan ya huce ya daskare kamar alawa. Wannan daskarewar ce ke ba da ƙaras-ƙaras ɗin da kike nema. Launi da ƙamshi a kan hanya suke samuwa, ba su ne shaidar gasuwa ba. Granola tana iya yin ja sosai alhali ruwa na nan a jikinta, kuma abin da ke samun taki ke nan.

Tun asalinta ma abin busarwa ce. Wadda wani likita mai suna James Caleb Jackson ya fara yi a 1863, a garin Dansville na jihar New York a Amurka, ko ot babu a cikinta. Garin alkama ne wanda ba a cire wa dusa ba, a kwaɓa, a gasa, a farfasa, a sake mayarwa wuta har ya bushe ƙamas. Don tsananin tauri sai an jiƙa shi a madara ya kwana kafin ya ciwu. Irin wadda ake yi yanzu, mai ot da mai da zaƙi, sai a shekarun 1960 ta bazu a can, kamfanoni kuma suka ɗauke ta a farkon shekarun 1970.

Ga dalilin da ya sa 180 ba ta yi wa zuma adalci. Mafi yawan zaƙin zuma daga sukari iri biyu yake, furuktos da gulukos. Furuktos yana fara yin ja tun daga wajen digiri 110, yayin da farin sukari na yau da kullum sai ya kai wajen 160. Ga kuma furotin da ke cikin ot da gyaɗa, wanda idan ya gamu da sukari a kan zafi yake haifar da jan launi da ƙamshin gashi, abin da masanin nan na Faransa Louis-Camille Maillard ya bayyana a 1912. Duka biyun gudu suke ƙarawa matuƙa da zarar zafi ya hau. Ruwa kuwa ba ya barin tsakiyar tire da irin wannan saurin, domin sai tururi ya ratsa tarin ot kafin ya samu mafita, ga shi zuma kanta kashi 17 zuwa 18 cikin 100 ruwa ce. To a 180 gefe ya riga ya bushe ya fara ƙauri tun tsakiya ba ta gama fitar da tururinta ba. Ke kuma sai ki cire don gudun ƙonewa, ki tashi da gefe mai ɗaci da tsakiya mai laushi.

Ki sauke wutar zuwa digiri 150 a ma'aunin Selshiyos, 300 ke nan a ma'aunin Faranhait, ki ba ta minti 35 zuwa 45. Idan obin ɗinki mai fanka ne, 140 ta wadatar. Ki sa tiren a hawan tsakiya, idan an yi rabin lokaci ki juya shi, gaba ya koma baya, domin da wuya a samu obin da zafinsa ya daidaita ko'ina. Lambar da ke jikin makunni ma ba kullum take faɗin gaskiya ba. Obin da yawa suna wuce abin da aka saita su da digiri 10 ko 20, musamman ƙanana da masu gas, don haka ɗan ma'aunin zafi da ake ratayewa a ciki yana da amfani ƙwarai. Tire baƙi marar kauri yana saurin ƙona ƙasa, gara mai haske mai ɗan nauyi, a shimfiɗa masa takardar gashi. Kada kaurin abin da kika baza ya wuce santimita 1 da rabi. In ya fi haka yawa, ki raba tire biyu. Wata dabara da nake so ita ce ki ɗan ƙara wa gefe kauri fiye da tsakiya, ko ma ki buɗe ɗan fili a tsakiyar tiren abin ya zama kamar zobe, tunda tsakiyar ce kullum ke zuwa a makare.

Ba ki faɗi awonki ba, kuma a lissafinki ban ga mai ba. Idan da gaske ba kya sawa, to wannan ma yana cikin abin da ke hana ta kyau. Awon da za ki iya dogara da shi shi ne ot kofi 3 (kofi mai cin mililita 240, wajen giram 270 ke nan), gyaɗa da sauran 'ya'yan itace masu ɓawo da ƙananan iri kofi 1 da rabi, mai sulusin kofi, zuma sulusin kofi zuwa rabi, gishiri rabin ƙaramin cokali. Wato busassun kaya kusan kashi 6, masu ruwa kashi 1. Mai shi ne ke isar da zafi jikin kowace ƙwaya ta soyu a inda take. Granolar da aka hana mai takan fito da ƙura-ƙura a baki, ko ta yi taurin da haƙori ke ja ba ya karyawa. Kowane mai marar ƙarfin wari zai yi. Man zaitun yana ba da ɗanɗano mai zurfi, man kwakwa yana ba da ƙamshi, sai dai yana daskarewa ƙasa da digiri 24, sai an narkar da shi kafin a haɗa. Bota tana da daɗi amma akwai ruwa da ɓurɓushin madara a cikinta, tana saurin yin duhu, kuma granolarta ba ta daɗewa a ajiye.

Gishirin nan kada ki raina shi. Mutane da yawa suna barinsa don suna ganin abin zaƙi ne, sai granolar ta fito salam, su yi ta ƙara zuma suna neman ɗanɗanon da rabin cokalin gishiri zai ba su.

Irin ot ɗin ma yana da magana. Wanda ake so shi ne mai faɗin ƙwaya, wanda aka turara aka murje shi ya baje amma bai dagargaje ba. Na sha-yanzu, wanda ruwan zafi kawai ake zuba masa, ya yi laushi da yawa, yana shanye zuma ya zama gari-gari ko ya cakuɗe. Wanda aka sassara ƙwayarsa ba a murje ba kuwa ba ya nuna a irin wannan gashin, tsakuwa za a tauna.

Wajen haɗawa, ki ɗan ɗumama zumar da man a wuta kaɗan har su saki, ki zuba gishiri da kirfa ko citta a cikinsu, ki kaɗa sosai, sannan ki kwarara a kan busassun kayan. Gishiri da kayan ƙamshi idan aka barbaɗa su a busasshe ƙasan kwano suke tafiya. Ki yi ta juyawa har sai kin duba ba ki ga ƙwaya ɗaya da ta rage fara ba. A nan gaggawa take ɓata aiki, domin inda zuma ta taru zai ƙone, inda ba ta kai ba kuma ya zama busasshen ot kawai.

Yanzu maganar dunƙulewa, wadda na san ita ta fi damun yawancin masu yi. Gudaji ba sa samuwa sai da abin da zai manne ƙwayoyin, da dannawa, da kuma ƙyale abin ya huta. Ƙwayar ot mai faɗi ba ta taɓa 'yar'uwarta sai a wurare kaɗan, saboda haka zuma kaɗai ba ta da isasshen wurin kamawa. Ana buƙatar wani abu mai laushi da zai cike tsakaninsu. Ki ɗebi rabin kofi daga cikin ot ɗin ki niƙa shi ya zama gari, ki mayar cikin sauran. Garin zai sha zuma da mai ya zama abin ɗauri. Wanda ya fi wannan ƙarfi shi ne farin ƙwai guda 1, a kaɗa shi har ya yi kumfa, a zuba a ƙarshe bayan zuma ta game ko'ina. Furotin ɗinsa yana daskarewa da zafi ya riƙe ƙwayoyin, ya ƙara ƙaras-ƙaras ba tare da an ƙara sukari ba, kuma ba a jin ƙarninsa bayan ya gasu. Wanda ba ya cin ƙwai zai iya jiƙa babban cokali 1 na niƙaƙƙen irin filaks ko ciya (ƙananan irin nan da ake kira flaxseed da chia) a ruwa cokali 3 har ya yi yauƙi, sai dai tunda an ƙara ruwa, a ƙara mata mintuna a wuta.

Bayan kin baza a tire, ki daddanne da gindin kofi ko bayan babban cokali har ya zama shimfiɗa ɗaya mai haɗe. Daga nan kada ki juya granolar da cokali. Na san girke-girke da yawa suna cewa a juya duk bayan minti 10, kuma hakan daidai ne ga mai son granola warwas, ƙwaya-ƙwaya. Mai son gudaji kuwa duk juyawar da ya yi yana tsinka ɗaurin da ya fara kamawa. Idan obin ɗinki mai cin gefe ne har dole sai an taɓa, ki juya sau ɗaya a wajen minti 20, ki sake dannewa, ki ƙyale. Idan kin fitar, ki bar ta a kan tiren minti 45 zuwa awa 1 ba tare da ko yatsa ya taɓa ta ba. Sukarin da ke jikinta a narke yake yayin da take da zafi, sai ya huce yake zama ɗauri. Wanda ya sa cokali a cikin granola mai zafi ya rushe gudajinsa da hannunsa. Bayan ta huce sarai sai ki ɓaɓɓalla da hannu girman da kike so.

Game da wadda ake sayarwa, kada ki sa ta zama ma'auninki. Yawancin masana'antu suna samun manyan gudajin nan ne da ruwan gulukos da ƙarin sukari da gari, ki duba jerin kayan haɗin da ke bayan kwali za ki gani. A ganina bai kamata a ninka zaƙi don neman kamanni da ita ba, alhali garin ot da farin ƙwai za su kai ki kusa.

To yaya za ki gane ta yi? A nan mutane suka fi ruɗewa, domin granola da laushinta take fitowa daga wuta ko da ta gasu. Wanda ya ce sai ya ji ta yi ƙayau a cikin obin zai cire, ƙonanniya zai cire. Idan an kai minti 35, ki ɗebi cokali ɗaya daga kusa da tsakiya, ki zuba a faranti mai sanyi, ki jira minti 2 ko 3. In ta karye ƙaras a haƙori, ta yi. In tana danƙo, ki ƙara minti 5 ki sake gwadawa. Launin da ake nema ruwan zinariya ne mai ɗan duhu, kuma ki tuna zafin tire zai ci gaba da aiki na ɗan lokaci bayan an fitar. Idan launi ya kai amma danshi bai tafi ba, ki kashe obin, ki ɗan buɗe ƙofarsa, ki bar tiren a ciki ya ƙarasa da sauran zafin.

Zabibi kuwa ba shi da abin yi a cikin obin ko kaɗan. An riga an busar da shi, yawancinsa sukari ne, zafi zai ƙara ƙafar da shi ya ƙone. Haka dabino da duk wani busasshen ɗan itace, bayan granola ta huce ake zuba su. Sauran kayan ma kowanne da lokacin shigarsa. Ɗanyar gyaɗa, ɗanyen almon ko kashu, da 'ya'yan kabewa da riɗi, suna iya shiga tun farko a wutar 150. Idan gyaɗar soyayya ce, ki bari sai minti 10 na ƙarshe ko bayan an sauke, in ba haka ba suya biyu za ta sha ta yi ɗaci. Kankararriyar kwakwa tana saurin ƙonewa saboda yawan manta da rashin kaurinta, sai a barbaɗa ta a sama a minti 10 zuwa 15 na ƙarshe. Cakulet sai ta huce gaba ɗaya.

Laushin da take yi bayan kwana biyu yana iya fitowa ta hanyoyi da dama, kuma ina zargin sun taru miki. Na farko dai ba ta gama bushewa ba, kamar yadda na bayyana. Sannan idan aka rufe ta da sauran ɗumi, tururin da ya rage zai koma ruwa a jikin roba ya sake shiga cikinta. Sai zabibin kansa. Ko da yake busasshe ne, ya fi gasasshen ot danshi nesa ba kusa ba, kuma a rufaffen mazubi danshi yana tashi daga mai yawa ya koma wa marar shi har su daidaita. Shi ya sa za ki ga zabibi ya ƙara tauri, ot kuma ya saki. Maganin wannan mai sauƙi ne: ki ajiye su daban, ki haɗa a kwano lokacin ci. Zuma ma tana da halin jan danshi daga iska, saboda furuktos ɗin nan. A wurin da iska ke da laima, ko a lokacin ruwan sama, yana da kyau a rage zumar a cike gurbinta da sukari, misali zuma rubu'in kofi da jan sukari babban cokali 3 a narkar tare. Granolar da aka yi haka ta fi riƙe ƙarfinta.

Mazubi ya zama mai murfin da ke toshe iska sosai, kwalbar gilashi ta fi, a ajiye inda babu rana babu zafin murhu. A haka takan yi mako 2 zuwa 3 lafiya. Firji ba wurinta ba ne, domin duk fitarwa da mayarwa raɓa ce ke sauka a kanta. Firiza kuwa tana riƙe ta har wata 3 idan an ɗaure da kyau. Wadda ta riga ta yi laushi ba ta lalace ba: ki tsince zabibin, ki baza ta a tire, ki mayar a wutar 130 zuwa 140 na minti 10 zuwa 15, ki bari ta huce. Abin da ba ya gyaruwa shi ne idan man da ke cikinta ya juya, ta fara warin tsohon mai tana maƙaƙi a maƙogwaro. Wannan zubarwa ake yi.

Akwai abin da ba ki tambaya ba amma ba zan iya tsallake shi ba, tunda abinci ne da ake ci da sunan lafiya. Ot yana da wani nau'in faiba mai suna beta-gulukan, wanda giram 3 nasa a rana yake taimakawa wajen rage kolestarol, har hukumar abinci da magunguna ta Amurka ta amince a riƙa rubuta hakan a jikin kwali tun 1997. Amma granola ba ot zalla ba ce. Da mai da gyaɗa da zuma, giram 100 nata yakan kai kalori 450 zuwa 500. Giram 40 zuwa 50 a kan yogot ko madara, da ɗanyen ɗan itace a gefe, ya isa ci ɗaya. Mai ciwon sukari ya sani cewa zuma ma sukari ce a wurin jininsa. Jaririn da bai cika shekara 1 ba kada a ba shi komai mai zuma, ko da an gasa, domin zafin obin ba ya tabbatar da mutuwar ƙwayoyin da ke jawo cutar botulizim. Yaran da ba su kai shekara 5 ba kuma a niƙa musu gyaɗa da danginta, saboda guda-guda suna iya shaƙe su. Idan za ki ba wani, ki faɗa masa akwai gyaɗa ko riɗi ko ƙwai a ciki, akwai waɗanda jikinsu ba ya ɗauka, kuma abin yana iya yin tsanani. Ita gyaɗar ki zauna ki tsince ta kafin ki sa. Duk wadda ta yi fumfuna, ta motse ko ta sauya launi ki fitar, domin gubar afalatoksin da fumfuna ke bari ba ta gushewa da gashi.

Idan wata rana babu obin, ana yi a kasko mai kauri, amma tsarin ya bambanta. Za ki fara soya ot da gyaɗar da man a wuta ƙasa-ƙasa, kina juyawa ba tsayawa, minti 10 zuwa 15, har ƙamshi ya tashi launi ya fara sauyawa. Zuma sai a minti 3 zuwa 4 na ƙarshe, domin gindin kasko ya fi iskar obin zafi sosai, in ta shiga da wuri ƙonewa za ta yi. Da ta game ko'ina ta fara kumfa, ki juye a tire mai takarda, ki danne, ki bari ta huce. Ta kasko ba ta kai ta obin bushewa, don haka ki yi daidai wadda za a cinye cikin mako guda.